Ranar da Yalwa Ta Ɗaure Hannun Ƙanenta

Goggona Ajuma ce ta fara ba ni wannan labari, muna sussukar gero. A Gaya ya faru, zamanin Faransawa, tun ba a yi gada a kan kogi ba.

Akwai wata yarinya, Yalwa, mai koyon ɗori wurin Baba Labo, tsohon da ke gyara ƙashi in ya karye ko ya goce. Gidan su Yalwa yana wata tunga can bayan fadama. Kullum da asuba take fitowa, a ƙasa. Da damina sai ta tattare zane ta ratsa ruwa har gwiwa. Ta hau babbar hanya kuma, kamyon fatake, babbar motar kaya, ya wuce ya fesa mata taɓo.

"Allah ya isa!" take cewa. Direba ko waiwaye ba ya yi.

In ta iso, aikin ɗaya ne. Baba Labo ya miƙa mata buhu cike da ƙasusuwan akuya. Ta sa hannu ciki ta lalubo, ta faɗi wane ƙashi ne ba tare da ta gani ba. Wata bakwai tana wannan.

Ran nan ta iso jiƙe sharkaf, rana ta ɗaga.

"Kin makara," in ji Baba Labo.

"Baba, fadama ta cika!"

"Jiya ma a cike take. Ga buhu."

Yalwa ta yi wurgi da buhun. "Ni karya ce da kullum za a ba ni ƙashi? Yaushe zan taɓa hannun mutum?"

"Ranar da na ce."

Ta juya ta kama hanyar gida, tana tafe tana ƙunƙuni.

Ta tarar da gida a rikice. Ƙanenta Sumana ya faɗo daga kan jaki, yana riƙe da hannu yana ihu. Babansu Hamani yana gona.

"Maza kira babanku, a kai shi Gaya wurin Baba Labo," in ji innarsu.

"Inna, ni fa? Sau nawa na ga ana yi? Ba ni kara da tsumma."

Ta ja hannun, ta jera kara, ta naɗa tsumma. Duk haushin da ta kwaso a hanya, a kan tsumman nan ta sauke shi. Ta ja, ta ƙara ja, ta ƙulle tamau.

"Yaya, ya matse!" in ji Sumana.

"Yi mini shiru, raggo!"

Kafin la'asar yatsun Sumana sun kumbura sun yi sanyi. Aka tsunkule shi, ya ce bai ji ba. Hamani ya dawo, ya duba sau ɗaya, ya saɓa yaron a kafaɗa ya faɗa fadama. Yalwa na biye.

Baba Labo na ganin hannun ya zaro wuƙa ya tsinke tsumman. Ya yi ta murza yatsun a hankali, har suka fara ɗumi.

"Da ya kwana haka, sai dai likitan Nasara ya yanke shi," in ji shi. "Wane mara tausayi ya yi wannan ɗauri?"

"Ni ce, Baba."

"Ke? Miƙo hannunki!"

Ya naɗa mata kara da tsumma, ya ja kamar yadda ta ja. "Zauna nan."

Ba a jima ba ta ji kamar tururuwa na yawo a yatsunta. Can sai ta daina jin su. Ta fashe da kuka.

"Naki lafiyayye ne, kina kuka," in ji Baba Labo. "Nashi karyayye. Ya ce miki ya matse, me kika ce da shi?"

"Na ce raggo."

Ya kwance ta. Sannan ya ɗora hannun Sumana da kyau, ya kama yatsan Yalwa ya zura shi ƙarƙashin tsumman. Ya shiga sumul.

"Kin ji? In yatsa bai shiga ba, jini ma ba ya wucewa. Kin yi ta kallona ina ɗori, amma wannan ba a ganin sa da ido."

Yalwa ta durƙusa. "Baba, na tuba. Sumana, yafe mini."

"Tashi, ɗiyata. Ku kwana nan. Ke za ki kula da shi."

Hannun Sumana ya warke sarai, har ya yi noma da shi ya tsufa. Amma saura kaɗan ya rasa shi. Ku ji ni da kyau, yara: abin da ba ku gama koyo ba, kada ku gwada shi a jikin wani. Kuma in kuna cikin fushi, ku bari ya huce kafin ku taɓa aiki.

Washegarin ɗorin nan, da gari ya waye, tun kafin ta wanke ido, Yalwa ta je inda Sumana ke kwance. Ta taɓa yatsunsa, ɗumi. Ta tsunkuli babban.

"Wayyo, Yaya!" in ji shi.

Ta ruga da gudu ta gaya wa Baba Labo.