Mai Riƙe da Azarar Soron Fatake

Ku matso kusa. Ke Tabawa, bar taunar gyaɗar nan. Wanda ya kasa barci yau, ba ruwana.

A tsakiyar gari, bakin kasuwa, an yi wani tsohon gini da ake kira Soron Fatake. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ko ana tsala rana cikinsa sanyi kamar randa. Ƙananan masu sana'a ne suka cika shi: mai gyaran rediyo, mai turare, da wata mai fura a bakin ƙofa. Sallau mai wankin hula yana can ƙurya. A rufin soron yake shanya huluna, a inuwarsa yake buga su, da wannan yake ci da iyalinsa.

Sai magada suka sayar da soron. Aka ce katafila za ta zo ranar Asabar, za a gina shaguna masu gilashi, irin waɗanda ko leƙawa Sallau bai isa ya yi ba.

An je wurin mai unguwa, an kama ƙafa, an yi magiya har an gaji. Abu guda ya rage musu. Kowa ya san soron yana da masu shi na ɓoye, don akwai wata kusurwa da ba a ajiye kaya, ba a zuba ruwan zafi.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji mai turare. "Mutanen ɓoye ba za su yarda ba. Katafilar nan ko tashi ba za ta yi ba."

Sallau, bawan Allah, ya riƙe maganar hannu bibbiyu. Shi kuwa mai turaren, tun hantsin Juma'a ya kwashe kayansa.

Da almuru Sallau ya koma shi kaɗai ya dubo hulunan mutane. Shiru. Ƙanshin turare ya tafi. Sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ba a yi ruwa ba.

A kusurwar nan ya ga mutum tsaye. Dogon tsoho ne, hannuwansa biyu a sama, ya tallafe azarar rufi.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikas salam, Sallau."

Bakinsa bai motsa ba. Daga cikin bango muryar ta fito.

Sallau ya dubi ƙasa. Daga gwiwa, ƙafafun tsohon sun nutse cikin daɓe, kamar tare aka gina su.

Ya ja da baya. Amma tunanin abin da yaransa za su ci ya hana shi gudu.

"Baba, za ku hana su, ko?"

"Da wane hannun?" in ji muryar. "Gara ta cinye azarar nan tun zamanin kakanka. Ni nake riƙe da ita. In na sauke hannu, rufi ya faɗo. In ban sauke ba, su rushe."

"To mu ina za mu?"

"Abin da nake jira in tambaye ka ke nan."

Wallahi tausayi ne ya kama Sallau, har ya manta da tsoro. Ya ga hannuwan suna karkarwa. Ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan a kafaɗar tsohon.

"Kwashi hulunan mutane, ɗana. Na gaji."

Ya tattara su ya rungume, ya fita. Yana tsallake dokin ƙofa, rufin ya durƙusa a hankali kamar raƙumi. Da safe katafila ba ta sami abin rushewa ba, kwasa kawai ta yi.

Yanzu a gefen titi Sallau yake wanki, ƙarƙashin yagaggiyar lema, yau a kore shi nan, gobe can. Mai fura ta daina sana'a. Mai rediyo ba wanda ya san inda ya nufa.

Shagunan gilashin suna nan, rabinsu a kulle. Amma kada ɗayanku ya bi ta gabansu shi kaɗai da almuru. A filin ajiye motoci za ka ga tsoho tsaye, ƙafafunsa cikin siminti, hannuwansa a sama, ba komai a kansu sai sarari. Zai kira sunanka ya ce, "Kun samo mana wuri?"

Sallau ya daina bin hanyar. Ba don tsoro ba. Har yau shi ma wurin yake nema.