Takardar da Furera Ta Ɓoye

Ranar da Muntaka ya fara ganin Furera, tari take yi har idanunta sun kawo ruwa. A kamfanin tace riɗi ne da ke kan hanyar Minjibir, shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da kowane gida a karkarar yake neman a ɗauki ɗansa aiki a wurin ko da shara ce. Shi yake kula da injin, ita kuma tana cikin mata masu rairaya. Ya ciro sabon takunkumin hanci daga aljihunsa ya miƙa mata. Ta karɓa ba ta ɗago ba, ta yi godiya a hankali.

Muntaka maraya ne, ɗaki guda yake haya, kuma ba shi da abokin hira sai Injiniya Suryadi, mutumin Indonesiya da aka ɗauko ya kafa injinan. Bayan azahar sukan zauna a gindin darbejiya suna haɗa guntun Turanci da guntun Larabci. Suryadi ya ba shi labarin mahaifiyarsa, wadda ta yi aiki a masana'antar takalma a zamanin da ba a yarda ma'aikatan ƙasarsu su kafa ƙungiyar da suke so ba. Sau biyu ana korarta, amma ta rayu har ta ga an ba su 'yancin. Da ya gama aikinsa ya koma gida, ya bar Muntaka da wannan labari da kuma kaɗaici.

A wannan tsakanin ne saƙonnin waya suka fara tsakaninsa da Furera.

"Furena, yau ban ji tarinki ba. Allah Ya sa sauƙi ne, ba ɓoye min kike yi ba."

"Sauƙi ne, Injiniyana. Amma ka rage kallon ɓangarenmu, ƙawata Asama'u ta fara tsokanata."

Mahaifin Furera, Malam Nababa, shi ne maigadin kamfanin. Da ƙuruciya ya yi aiki a wata masaƙa a Kano, an yi yajin aiki da shi, daga baya aka rufe masaƙar ya dawo ƙauye hannu Rabbana. Da ya ji Muntaka na zancen kafa ƙungiya, sai ya ce wa 'yarsa ba zai ba da ita ga mutumin da ƙafarsa ɗaya ke waje ba. Ga Sama'ilu akawun kamfani nan, ya daɗe yana aiko da gaisuwa.

Abu uku Muntaka ya rubuta a takardar koke ga kamfanin: takunkumi ga kowa, murfi a kan bel ɗin injin, da hutun kwana ɗaya a mako. Maza suka sa hannu, sannan ya ba Furera ta tara na mata. Ta kai ta gida ta cusa ƙarƙashin katifa.

Ranar Litinin aka manna sunaye goma sha bakwai na waɗanda suka sa hannu a ƙofar kamfanin, duk an kore su. Na Muntaka ne a sama. Na Furera ba ya ciki.

"Ke kaɗai na ba wa takardar nan," ya rubuta mata. "Ki ce min wani abu, ko mene ne, zan yarda."

Ta karanta ta sake karantawa, ba ta ba da amsa ba. Ta riga ta ɗaga katifa ta ga wayam, ta kuma ga yadda mahaifinta ya kasa haɗa ido da ita. Sama'ilu ne ya yi masa alƙawarin za a goge sunan 'yarsa idan ya kawo takardar. Ba za ta iya tona asirin wanda ya haife ta ba.

Muntaka ya tattara kayansa ya koma Tofa, wajen kawunsa mai lambun albasa. Wata huɗu yana ban ruwa, in ka cire gaisuwa ba ya magana da kowa. Ya goge lambarta, amma yana da ita a ka.

Ita kuwa mata suka daina cin abinci tare da ita. Ko Asama'u, wadda mijinta na cikin waɗanda aka kora, sai ta ja tabarmarta gefe. Furera takan ci ɗumamenta ita kaɗai a bayan buhuna. Da Sama'ilu ya zo zance ta fito ta gaishe shi, ta ce ya yi haƙuri, ta koma ciki. Ta rame har innarta ta fara nema mata rubutun sha.

Wata safiya bel ɗin injin ya fizgi hijabin Asama'u, ta sa hannu za ta ƙwace, ya tafi da yatsunta biyu. Malam Nababa ne ya riƙe hannun a cikin a-daidaita-sahu har asibiti. Da ya dawo bai ko canza rigar da ta ɓaci da jini ba, ya zauna a zaure har la'asar.

Washegari ya shiga mota zuwa Tofa. Ya tarar da Muntaka a cikin lambu, laka har gwiwa.

"Ni na ɗauki takardar," in ji shi. "Yarinyar nan ba ta san komai ba sai daga baya, kuma ta yi shiru ne saboda ni. Na ji tsoro, Muntaka. Murfin da ka nema da an sa shi, da Asama'u na da yatsunta."

Muntaka ya ajiye fartanya ya durƙusa. "Baba, ku tashi daga rana," kawai ya iya cewa.

Da tsohon ya tafi, ya daɗe yana rubutu yana gogewa kafin ya tura:

"Furena, na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Kina da wurin yafe min?"

"Na yafe tun ranar. Kewarka ce ta kusa kashe ni."

Malam Nababa da kansa ya tsaya a gaban jami'an ƙwadago da suka zo daga Kano, ya faɗi abin da ya sani, ya kuma rasa aikin gadinsa. An sa murfin, an yarda da ƙungiyar, an mayar da mutum goma sha ɗaya. Muntaka ba ya cikinsu. Matan suka zaɓi Furera ta wakilce su, kuma Asama'u ce ta fara ɗaga hannunta mai bandeji.

Bayan an shigo da gero aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Nababa. Ba a yi wani gagarumin biki ba, waina ce da zoɓo, amma zauren bai ɗauki jama'a ba. Da za a tafi da amarya ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Ya dafa kanta.

"Kin rufa min asiri, Allah Ya rufa miki duniya da lahira. Kai kuma Muntaka, ga amana nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Duk gidan aka amsa da amin.