Motar Kawu Hashimu Ta Sha Man Gyaɗa

"Duk Karare babu wanda ya san cikin mota kamar ni," in ji Sufyanu. "Da kunne kawai nake gane ciwonta."

'Yan ajinsu suka saki baki. Gaskiyar magana kuwa, ko kacar keke ta zame, Sufyanu bai iya mayar da ita ba.

Motar da yake taƙama da ita ta Kawu Hashimu ce, ƙanen innarsa. Ja ce 'yar ƙarama, mai gajeren baya, ta hannu. Amma gudu gare ta kamar an biyo ta da bulala. Shanun huɗarsa Kawu ya sayar ya sayo ta, yana jigilar mutane zuwa Safana. Da ita gidansa ke cin tuwo.

Aibinta ɗaya, shan baƙin mai. Shi ya sa Kawu ya ba Sufyanu aiki. Kullum da safe ya zaro sandar awo ya duba. In mai ya yi ƙasa, ya ƙara daga galan.

Ran nan babu makaranta, Sufyanu ya tara abokansa su ga gwaninta. Ya ɗaga galan sama da hannu ɗaya. Yana tsiyayawa, yana kallonsu, yana murmushi. Sai galan ya suɓuce! Mai ya malale, ƙasa ta shanye shi tas.

Abokai suka watse. Sufyanu ya tura rairayi ya rufe wurin. Ya duba sanda, ga ta kusan a bushe.

Ya leƙa madafa. Inna ta gama matsar ƙuli-ƙuli, ta jera man gyaɗa a kwalabe.

"Mai ai mai ne," ya ce a ransa. Ya kwasa ya ɗura wa inji.

Kawu ya fito yana gyara hula. "Ka duba mai, Sufyanu?"

"Na cika ta fam, Kawu."

"Allah shi maka albarka. Shiga ka raka ni kasuwar Safana."

A hanya Kawu ya taka wuta. Sufyanu ya so ya faɗi gaskiya. Amma ya ce a ransa bari sai an jima.

Suna isa bakin kasuwa, mota ta yi tari. Ta yi ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta tsaya cik. Hayaƙi ya turnuƙe. Jama'a suka taru.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta shaƙi iska. "Kai, bayin Allah! Wa ke suya a cikin mota?"

Aka kira Lawal bakanike. Ya zaro sanda, ya shinshina, ya murza da yatsa.

"Malam Hashimu, motarka miya take ci? Wannan man gyaɗa ne. Inji ya buga, sai an sauke shi."

Kawu ya zauna a kan wani dutse. Ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ba mota, ba shanu, ga damina ta kusa.

Can ya ɗago. "Sufyanu, zo nan. Me ka zuba mata?"

Ido ya yi wa Sufyanu caa.

"Na... na zubar da na galan ne, Kawu. Sai na sa na Inna."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani mahauci ya ce, "Yaro, saura albasa da yaji!"

Kawu bai yi dariya ba. Bai kuma ɗaga masa hannu ba. Da dukan ya yi, da ya fi wa Sufyanu sauƙi.

"Da ka faɗa mini tun a gida, galan guda zan saya, shi ke nan," in ji Kawu a hankali. "Kowa yana kuskure. In ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri. Ɓoyewar ce ta kashe mini inji."

Sufyanu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Ya ce, "Ka yafe mini, Kawu."

"Na ji. Kama mu tura ta gefen hanya."

Sufyanu ya dafa bayan motar da hannu biyu yana turawa, duk kasuwa na kallonsa.