Ke Wace Ce a Gare Shi?

"Jibi?" Mubina ta dire kofin shayi da ƙarfi har ya fantsalo a kan tebur. "Jibi fa ka ce, Muttaka!"

"Jibi da safe. Ɗazu umarnin ya iso."

Suna zaune ne a wani shagon mamak, gidan abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, a unguwar Setapak ta ƙasar Maleshiya, inda suka saba cin gurasar roti bayan la'asar. Muttaka matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne na sojan sama, gwamnati ta turo shi ƙaro karatu a jami'ar da ke Jalan Semarak. A can suka haɗu, ita tana digirinta na uku a fannin tarihi.

"Karatun naka fa?"

"Karatu zai jira. Gagarumin farmaki za a kai tsibiran Tafkin Cadi. Sojan ƙasa za su shiga ta fuskoki da yawa, na ruwa su toshe mashigi da kwale-kwale, mu kuma muna samansu. Matuƙa sun yi kaɗan, masoyiya... duk wanda ke waje an kira shi." Ya sassauta murya. "Ina son ganin Baba yau. Kuma gaskiya zan faɗa masa."



Mahaifinta, Alhaji Maikano, ya zo daga Kano aikin ido, yana gidan yayanta Abdurrahim a Wangsa Maju. Abin da ya sani kawai shi ne akwai wani ɗalibi mai hankali da ke neman 'yar autarsa. Kalmar soja kuwa, ko da wasa Mubina ba ta taɓa bari ta fita daga bakinta ba.

"Ka bari sai ka dawo, don Allah..."

"In kuma ban dawo ba?"

"Muttaka!"

"Ba zan tafi da ƙarya a tsakanina da mahaifinki ba, Mubina."

Bayan magariba ya zo. Ya durƙusa a kan kafet ya gaida tsohon, suka taɓa hira cikin raha, har Alhaji yana tsokanarsa wai ƙasar nan kullum shinkafa, ko tuwo ba sa marmari. Mubina na bakin ƙofar kicin tana saurare.

"Me kake karanta ne, ɗana?"

"Injiniyancin jirage, Baba. Amma... ni soja ne. Jibi zan koma fagen daga."

Alhaji ya cire baƙin gilashin da likita ya ba shi, ya juya idonsa mai lafiya wajen 'yarsa.

"Kin sani?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke da kike rubuta littafi guda a kan yaƙin Hitila? Ke da kika nuna min a taswira inda jiragen Japan suka yi ruwan wuta, inda aka nutsar da manyan jiragen ruwa, inda sojoji suka keta dajin ƙasar nan? Ke ce za ki kawo min soja?"

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Yaro, saurara." Tsohon ya juyo wajen Muttaka. "Ina ciki aka ɗebi mahaifina a yaƙin Hitila. Daga Ikko aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga nan sai dajin Bama. Waɗanda suka dawo sun ce ta sama ake jefo musu abinci, su yi ta tafiya a ƙasa cikin ruwa da taɓo. Wani ya ce a kogi ya ga ƙarshensa, wani ya ce a kan tudu. Ba gawa, ba kabari. Uwata Ɗelu har ta tsufa, in aka yi sallama da muryar da ba ta sani ba sai ta miƙe tsaye. Na yi wa kaina alkawari babu 'yar da na haifa da za ta yi wannan zaman."

"Baba, rai a hannun Allah yake," in ji Muttaka a hankali.

"Na riga ka sani. Tashi ka je, Allah ya tsare. Amma ban ba ka ba."

Mubina ba ta raka shi filin jirgi ba, don Baba bai ba da izini ba. Saƙo ɗaya ya turo mata: "Kada ki yi fushi da shi, ya fi mu gaskiya a wajensa. Ki yi min addu'a, hasken idona."

Ta yi biyayya. Ba ta ƙara ambatar sunansa a gidan ba. Ita ke ɗiga wa Baba magani a ido, ita ke sayo masa abinci a ƙunshe daga shagon wata Bakanuwa a Setapak in ta taso daga makaranta. Sai dai wayarta ba ta barin hannunta. A cikin jirgin ƙasa na LRT, a ɗakin karatu, har a kan sallaya, labaran farmakin take bi. An ƙwace tsibiri kaza. An yi wa kwale-kwalen soja kwanton ɓauna. Jirage sun tarwatsa wani sansani. A takardunta yaƙi kibiyoyi ne ja da shuɗi a kan taswira; yanzu kowace kibiya da fuskar mutum a jikinta.

Ranar wata Talata da azahar, ana tsuga ruwan sama, tana zuba wa Baba abinci sai labarin ya faɗo: an harbo jirgin soja mai saukar ungulu a kusa da tafkin, ba a san halin da matuƙan ke ciki ba.

Faranti ya suɓuce mata ya tarwatse.

"Innalillahi! Uwata, lafiya?" in ji Baba.

Ba ta ji shi ba. Ta kira Muttaka, a kashe. Ta kira yayarsa a Kano, ba ta shiga. Ta lalubo lambar ofishin sansaninsu da ya taɓa ba ta, ta sa a lasifika don kunnenta ya daina ji sosai.

"Don Allah, Muttaka nake tambaya... matuƙi ne... yana cikin jirgin da ya faɗi?"

"Hajiya, wa ke magana?"

"Mubina. Daga Maleshiya."

"Ke wace ce a gare shi? Matarsa ce?"



"A'a..."

"To ki yi haƙuri. Iyalinsa kawai muke iya yi wa bayani."

"Ka ce min dai yana da rai! Don girman Allah!"

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

Layin ya katse. Ta zame ta zauna a ƙasa cikin fasassun farantin, ba kuka, ba motsi. Alhaji Maikano yana kujera yana kallonta.

Haka aka wuni, aka kwana, aka sake wuni. Abdurrahim ya buga wa duk wanda ya sani, babu mai tabbas. Matarsa ta yi lallashi har ta gaji, Mubina ko ruwa sai da ƙyar. Da la'asar mai kawo saƙo ya danna ƙararrawar ƙofa, ta zabura ta miƙe tsaye zumbur, idanunta a waje. Tsohon ya kau da kai, ya daɗe yana goge fuska da bakin rawaninsa.

Ana gab da magariba wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, ta ƙasarsu.

"Mubina..."

Ta saki wata irin ƙara. "Muttaka! Muttaka, kai ne? Wayyo Allah na!"

"Ni ne. Ina asibitin sansani." Muryarsa a dashe take. "Sun same mu a wutsiya, na saukar da shi cikin ciyawar ruwa. A can muka kwana, sai da asuba sojan ruwa suka tsamo mu. Kafaɗata ce kawai ta goce. Amma Zulkiflu, abokin tuƙina... a hannuna ya cika."

Kuka ya ƙwace mata, na farin ciki da na baƙin ciki a haɗe.

"Ba ni shi," in ji Alhaji.

Ta ɗago a tsorace. Ya miƙo hannu. Ta ba shi.

"Yaro, Maikano ne. Allah ya jiƙan abokinka. Wa ke gare ka a Kano?"

"Kawuna, Baba. A Gwammaja yake."

"Ka ce ya nemi ƙanena Malam Umair. Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, a ɗaura auren."



"Baba... kada in yaudare ka. Da na warke zan koma."

"Na sani." Tsohon ya dubi 'yarsa, hawaye na bin gefen gilashinsa. "Na hana ka ita don kada ta yi zaman jira, ga shi a gabana tana yi. Uwata Ɗelu ko ba komai da igiyar aurenta ta yi nata. In jiran ne rabonta, to ta yi shi tana matarka."

Mubina ta rarrafo ta kifa kanta a gwiwarsa. "Baba... Baba na..."

Ya dafa kanta, ya mayar mata da wayar. "Ungo, yi magana da mijinki. Ki ce masa ya yi min a hankali da jirgin nan, ni tsoho ne, zuciyata ba za ta ɗauki irin ta jiya sau biyu ba."