Cokali Ɗaya Na Sukari

Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Auta saboda ihun da ta jiyo daga ɗakin gwaji.

"Wata huɗu ina wannan aikin, Farfesa! A ce ƙirƙirar sakamako na yi?"

Muryar Dogo ce, ɗalibin da ke bincike a kan ɓeraye, wanda ya yi mata alkawarin aure. Ita kuwa aikinta wanke keji da zuba musu abinci.

"To ka yi min bayani," in ji Farfesa. "Keji na ɗaya abinci mai sukari, na biyu mai ƙwayar zaƙin nan da ba sukari ba, na uku lami. Ta yaya ruwan narkar da abinci na hanjin masu cin lami zai zo daidai da na masu sukari? In ba ka kawo dalili ba, ka bar makarantar nan."

Auta ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta.

Ta san dalilin.

Tun makon farko ɓerayen keji na uku suka ƙi ci. Suka rame, suna ture kwano da hanci. Zuciyarta ta kasa ɗauka, kullum da safe sai ta barbaɗa musu cokali ɗaya daga sukarin shayinta.

"Kin ji aikinki ko?"

Ta juya a firgice. Mai-gilashi ce, abokiyar karatun Dogo, wadda yayarsa ke so ya aura.

"Tun ranar farko na gan ki."

"Kika... kika yi shiru?"

"Ina ruwana? Ki yi shiru a kore shi, ki yi magana ya tsane ki. Zaɓi naki ne, 'yar wanke keji."

Auta, wadda ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ta tura ƙofar ɗakin.

"Ranka ya daɗe... ni ce. Sukari nake sa musu."

Duk suka juyo suna kallonta.

"Ke?" Dogo ya ce a hankali. "Ke, Auta?"

"Yunwa suke ji... wallahi ban sani ba..."

Dogo ya kawar da kai. Ya cire farar rigar aikinsa, ya wuce ta gefenta kamar bai ga mutum ba.

A ranar aka karɓi makullin keji daga hannunta.

Washegari yayar Dogo ta kira ta a waya.

"Kin huta? Dama na faɗa masa, ƙwarya ta bi ƙwarya. Kin ƙona masa wata huɗu da jahilci, saura ki ƙona masa rayuwa!"

Auta ta kashe wayar. Kwana tara tana kuka, abinci sai an yi da gaske.

Rana ta goma da yamma mamarta ta leƙo ɗaki.

"Tashi ki wanke fuska, mai ɓerayen nan ne a waje. Shi ma ya zama kamar sanda."

Yana zaune a benci da littafi a cinyarsa. Ta tsaya daga nesa.

"In maganar fasawa ce, na yafe maka."

"Zauna, rabin raina."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Na yi fushi, ba zan ɓoye ba," ya ce. "Amma Farfesa ya tambaye ni, na taɓa faɗa miki dalilin da ya sa abincin nan yake lami? Na rasa amsa. Sau dubu na ce miki kina da kyau, ban taɓa zama na nuna miki aikina ba. Na raina ki ne, Auta, ban sani ba."

"Yayarka fa?"

"Ta ce ba za ta zo bikin ba. Ya yi min ciwo, amma ban fasa ba."

"Aikin kuma?"

"Daga farko. Sababbin ɓeraye, wata huɗu. Ke kuma ba za su mayar da ke ba... na roƙa, sun ƙi."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta matso ta zauna a ƙarshen bencin.

"Buɗe littafin," ta ce. "Amma a hankali. In ban gane ba, zan tambaya."

Ya buɗe shafin farko.