Kujerar Mai Zaman Banza

Da hannu ɗaya Auta ta shigo da motar cikin garejin. Ɗayan hannun yana waje ta taga, tana goge gilashin gaba da gyalenta. Ruwan sama ya jiƙa ta har kafaɗa.

"Karo na biyar ke nan!" ta ce tun kafin ta ja birki. "Na biyar, Malam!"

Mai Waya ya ajiye abin da ke hannunsa. Shi ne mai gyaran wutar mota a layin, kuma wata biyu ke nan yana fama da waifar tsohuwar motar nan. Ya canja fiyus. Ya kwance makunni ya goge. Ya busa bututun ruwan wanke gilashi. Har yau bai ga matsalar da idonsa ba.

Ya zagaya ya shiga kujerar mai zaman banza kamar kullum, domin Auta ba ta ba kowa sitiyarin marigayi babanta.

"Kunna mu gani, ranki ya daɗe."

Ta murɗa makunnin. Waifa ta tashi tana sharar gilashi kamar sabuwa. Ta danna, ruwa ya feso.

"Kada ka yi dariya."

"Ban yi ba."

"Gashin bakinka yana motsi! Wallahi ina faɗawa ramin bakin kasuwa ta mutu. Da ita da ruwan, gaba ɗaya!"

"Na yarda."

"Ba ka yarda ba!"

"Na yarda, Gimbiya. Kawai dai motar tana jin kunyata ne..."

Ta yi tsaki ta kawar da kai, don kada ya ga nata bakin.

A gida ta tarar da Yaya a falo tare da abokinsa Dillali, mai sayar da motoci, wanda ya daɗe yana son abu biyu a gidan: motar da mai tuƙa ta.

"Sau biyar," in ji Yaya. "An ƙirga mini. Ni kuma sau uku na zauna kusa da ke, waifar nan lafiyarta ƙalau."

"Yaya, ƙarya zan yi maka?"

"Ba ita ba ce," Dillali ya sa baki a hankali. "Na san masu gyaran nan. Ya ɗaure nan, ya sassauta can, don a dawo."

"Wa ya tambaye ka?"

"Auta!" Yaya ya daka mata tsawa. "Ranar Asabar za a sayar da motar. Garejin nan kuma kin gama zuwa."

Ta wuce kicin ranta a dagule. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne maganar Dillali ta zauna mata. In da gaske ne fa? In duk wannan jiƙewar da take sha dabararsa ce?

Mama tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Har yanzu waifar nan ce? Babanku ma haka. Da hadari ya haɗo sai ya ce, 'Taso mu je, waifa ba ta aiki sai da ke.' Shekara ashirin ina ɗauka daɗin baki ne."

Auta ta tsaya da kofi a hannu.

"Mama... a ina kike zama?"

"A ina zan zauna? A but ɗin kaya?"

Ranar Asabar da safe Auta ta ce a bi ta gareji kafin a miƙa makulli. Yaya ya yarda don a rufe maganar. Dillali ya biyo su a motarsa. Mama ta ce ita ma sai ta ga ƙarshen abin.

Auta ta sauke kowa. Ta kunna waifa, ta ja motar ita kaɗai ta bi ta kan ramin ƙofar garejin. Waifa ta tsaya cak a tsakiyar gilashi.

"Yaya, shigo ka zauna."

Ya zauna. Waifa ta tashi.

Ta sauke shi, ta sake bin ramin. Waifa ta mutu.

"Bari ni in gwada," in ji Dillali yana gyara hula.

"Bar shi, tsohon batir ma zai yi," in ji Auta.

Mai Waya ya ɗora batir a kujerar. Waifa ta tashi.

Ya sauke batirin. Ya durƙusa, ya tura kujerar baya, ya ɗaga kafet. Wata tsohuwar waya ce, wadda ba ta kamfani ba, an jawo ta an maƙala a ƙarfen ƙasan kujera. Notin da ya riƙe ta ya yi tsatsa, ya yi sako-sako. In an zauna, nauyi ya danne ta, wuta ta wuce. In babu kowa, rami ɗaya ya isa ya raba su.

"Wannan tsatsar ta girmi sana'ata," ya ce yana kallon Yaya. "Ba hannuna ba ne."

Sai ya sake zura hannu, ya ciro ƙaramar sifana da aka ɗaure da roba a gefen wayar. Ya ɗora ta a kan notin. Ta zauna daidai.

Mai Waya ya ce, "Baba ya san da ita. Murɗi biyu ne kawai. Bai yi ba."

Mama ta karɓi sifanar tana juya ta.

"Mutumin nan!" ta ce. "Shekara ashirin yana fitar da ni cikin ruwa, da ciwon gwiwata!"

Ta juya musu baya, ta daɗe tana gyara mayafi.

Yaya ya sosa ƙeya. Ya dubi Dillali ya ce a bar maganar sayarwa. Dillali ya tuna yana da baƙi, ya ja motarsa.

Mai Waya ya leƙo ta taga, ya rage murya.

"Gyaran iri biyu ne, Gimbiya. Ko in ɗaure notin, ko a samo wanda zai riƙa zama a nan kullum."

"Wata biyu!" ta ce. "Gyale uku na lalata! Kana zaune a kan matsalar kana ce mini 'kunna mu gani'!"

"Na amsa laifina. Wanne za a yi?"

"Ɗaure notin."

Ya sunkuyar da kai ya miƙa hannu wajen Mama. Mama ta jefa sifanar a jakarta ta ja zif.

"Ka nemi taka," ta ce.

Auta ta kama sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba.

"Ɗaya gyaran kuma," ta ce, "ga Yaya can tsaye, wurinsa ake nema. Ka wanke hannunka tukuna."