Kwana Tara da Ɗinki

"Kwana ashirin cur, Yaya, ko saƙo babu! Wane irin cirani ne ake zuwa da damina?"

Bara'atu ce ke faɗa a bakin rijiyar garinsu Karare, tulunta a ƙasa. Armaya'u, saurayinta ɗan Wagini wanda aka sa musu rana bayan kaka, yana tsaye hannuwansa manne da jiki. Ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo.

"Ba cirani na je ba. Asibiti na je, can Katsina."

"Asibiti? Me ya same ka?"

Ya sassauta murya.

"Kin taɓa ganina babu riga?"

Ba ta taɓa ba, kuma ba wanda ya taɓa. Samari na noma daga su sai warki, shi kuwa taguwa biyu yake sawa ko da zafin bazara. Ba ya kokawa, ba ya wankan rafi. Mutane suna cewa malanta ce ke ɗibarsa.

"Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu ƙirjina ya fito... irin na mata. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na ɗaure da tsumma har numfashina na sarƙewa. Da aka sa mana rana na ce ba zan shiga ɗakinki a haka ba. Likita Bature ya yanke ya ɗinke. Yau kwana tara."

Tausayi ya kama ta har hawaye suka zubo.

"Haba masoyina... da ka tambaye ni. Ni kai nake so, ina ruwana da ƙirji?"

"Likitan ya ce kwana arba'in ban da garma, ban da ɗaukar kaya, ban da ɗaga hannu sama. In na saɓa, ɗinkin zai farke."

Jibi ne gayyar huɗa a gonar babanta. A al'ada, mai neman aure shi ke tara abokansa, kuma shi ke shan gaba da garma. Wanda ya noƙe, an gama da shi a gidan surukai.

"Ka ce ba ka da lafiya."

"Su tambaye ni ciwon me? Zan zo, Bara'atu. Ke dai ki rantse ba mai jin maganar nan daga bakinki."

Ta rantse.

Washegari ko furar safe ta kasa sha. Duk inda ta juya sai ta ga garma a hannunsa, ta ga jini. Bayan la'asar ta sami babanta, Malam Sammani, yana gyaran ƙota a zaure. Ta durƙusa, ta faɗa masa komai.

"Baba, don Allah ka hana shi huɗar nan ta wata dabara. Kada kowa ya ji."

"Wayyo yaron kirki. To, to, 'yar nan, na ji."

Malam Sammani mutumin arziki ne, zuciyarsa fara tas. Sai dai fa bakinsa ba shi da murfi, ga murya kamar mai shela a kasuwa.

Ranar gayya samari sun haura talatin. Jinjiri makaɗin noma ya kafa gangarsa a gindin gawo, 'yan mata suka jero da ƙoren fura, har da Bara'atu. Kafin Malam Sammani ya iso daga gida, Armaya'u ya riga ya shiga gaba. Sara ɗaya, sara biyu, ta ga ya cije leɓe. Bai kai tsakiyar gona ba sai ga ja ya ɓullo a gaban taguwarsa.

Daidai nan tsohon ya iso. Da ya hangi jinin, duk dabara ta fice masa daga kai.

"Kai Armaya'u, ajiye garmar nan! Yaron da aka yanke wa nono kwanan nan, ina shi ina huɗa? So kake ka mutu mini a gona?"

Ganga ta yi tsit. Garemani suka tsaya.

Can wani ya tuntsire da dariya. Shi kuwa Jinjiri, Allah wadaran bakin makaɗi, sai ya daki ganga ya jefa waƙa a kai, samari suka amshe.

Armaya'u ya ajiye garma a hankali. Ya duba cikin 'yan mata har ya gano Bara'atu, ya yi mata kallo ɗaya. Daga nan ya kama hanyar Wagini, hannu dafe da ƙirji.

Ɗinkin bai farke duka ba, da yake an tsayar da shi da wuri. Ya yi jinyar kwana arba'in, ciwo ya haɗe. Amma kafin nan waƙar ta je kasuwar Batsari, ta dawo ta Safana. Malam Sammani ya taka har Wagini sau biyu don ba da haƙuri, ya ce aure na nan daram. Armaya'u ya gaishe shi cikin ladabi, bai ƙara komai ba.

Bara'atu ta ji labarin zai tafi Jos haƙar kuza. Ta tare shi a hanyar Safana, inda zai hau mota, ƙunshin kayansa a kafaɗa.

"Yaya... ka warke?"

"Na warke. Likita ya ce in koma aiki. Amma a wace gona?"

"Na karya rantsuwa, na sani. Ranka na ji wa tsoro. Ko yau aka maimaita, haka zan yi."

"Na sani."

"To ka tafi da ni. Ko kuma ka zage ni, ka ce ka tsane ni, in san inda na tsaya."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Da na tsane ki, da abin ya zo mini da sauƙi. Ina son ki, Bara'atu, Allah ne shaida. Amma duk sanda na kalle ki, gangar nan nake ji."

Ya gyara ƙunshinsa ya wuce. Ta zauna nan bakin hanya ta yi kukanta har ta gaji, ba ta sake kiran sa ba.